Yadda ake shirya tafiyar iyali a mota zuwa duwatsu da kogunan ƙanƙara na arewacin Pakistan

Daga Islamabad zuwa iyakar Sin a Khunjerab, in an bi ta Naran, tafiyar kusan kilomita 800 ce. Wanda ya saba zuwa Abuja daga Kano ya dawo a wuni guda zai ɗauka abin kwana ɗaya ne da rabi. Da iyali a mota, a ware kwana goma sha ɗaya zuwa da dawowa, a ƙara biyu na ko-ta-kwana. A wannan hanya ba da kilomita ake lissafi ba. Abu uku ake dubawa: tsayin wurin da za a kwana, lokacin da za a ratsa kowane mashigi (inda hanya ke ƙetare saman dutse), da halin da ruwa yake ciki a ranar.

Da farko, wa zai je, kuma iya ina

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kowanne nauyi. Kano tana kan kimanin mita 500 daga matakin teku. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Karimabad, garin da za ku yi kwanaki a kwarin Hunza, kusan daidai da ƙololuwar wannan dutse yake. Mashigin Babusar mita 4,173, Khunjerab 4,693, inda iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda yake samu a bakin teku ba.

Kafin a sayi tikiti, kowa a gidan ya san sakamakon gwajinsa na sikila. Mai SS ko SC ba shi da hurumin hawa waɗannan wurare, domin ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo, amma akan samu wanda jini ke toshe masa a saifa idan ya haura sama da mita 2,000 da gaggawa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗar hagu, da amai. In aka ga haka a sauka ƙasa nan take a nufi asibiti, kuma a gaya wa likitan cewa mutumin AS ne, saboda ba lallai tunaninsa ya fara zuwa can ba.

Mai juna biyu, jariri, da dattijo mai ciwon zuciya ko na huhu su ga likita tukuna. Sau da yawa hukuncin yakan zama: ku je har Hunza da Passu, amma ban da Khunjerab. Ba asara ba ce, don kogunan ƙanƙara, wato manyan tulin ƙanƙara masu gangarowa a hankali a cikin kwari, waɗanda aka fi gani da kyau duk a ƙasa da mita 3,000 ake tsayawa a kalle su.

Lokaci

Babusar yana rufe da dusar ƙanƙara mafi yawan shekara, yakan buɗe wajen ƙarshen Yuni ya sake rufewa a Oktoba ko farkon Nuwamba. Yuli da Agusta damina ce a kudancin hanyar, wato Balakot, Kaghan da Kohistan, kuma lokacin ne ƙanƙara ta fi narkewa a arewa. A Yulin 2025 ambaliya ta kwashe motocin 'yan yawon buɗe ido a gangaren Babusar ta ɓangaren Chilas, an yi asarar rayuka. Satumba zuwa farkon Oktoba shi ne zaɓin mai iyali: sama a wanke, ruwa ya ja baya, otal sun yi sauƙi. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu itatuwan afirikot da ceri ke fure a Hunza, tsakiyar Oktoba kuma ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa, sai dai a lokacin fure dole a bi doguwar hanya ta Besham da Dasu, wadda ke cin awa 15 ko fiye kafin Gilgit, ga jinkirin aikin madatsun ruwa na Dasu da Diamer-Bhasha.

A guji makon hutun Sallah da ranar 14 ga Agusta, ranar 'yancin ƙasar. Rabin Lahore da Karachi kan juyo Naran, cunkoso ya tsayar da mota awanni. A goman farko na Muharram ma akan rufe wasu hanyoyi a Gilgit da Nagar saboda jerin gwano.

Takardu, waya, kuɗi

Biza ta intanet ake nema. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin allurar shawara. Wanda zai wuce mako huɗu a Pakistan ana iya neman shaidar rigakafin shan inna a hannunsa lokacin fita.

Ka buga kwafin shafin fasfo da na biza na kowane mutum, aƙalla 15 kowanne, har da na yara. A shingayen 'yan sanda na Gilgit-Baltistan ana rubuta sunan baƙo, in ka miƙa kwafi minti biyu ka wuce, in babu sai kowa ya sauko a cike littafi da hannu. Ka rubuta lambar mota da sunan direba da garin da za ku kwana a bayan kowane kwafi.

Da zarar an wuce Babusar yawancin layukan waya sukan yi rauni. Layin SCOM ne ya fi aiki a yankin, a Gilgit ake yankarsa da fasfo. Sauke taswirar yankin a waya tun a Islamabad. Lambar agajin gaggawa 1122 ce. Kuɗi kuwa a riƙe rufi a hannu, ƙananan takardu da yawa, a raba su jaka biyu. Na'urorin cire kuɗi na Gilgit da Aliabad (wani gari a Hunza) ba kullum suke karɓar katin waje ba.

Mota da direba

A Pakistan ta hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Hannun da ya saba da titin Najeriya, idan aka firgita shi a kwana, dama zai karkata, wato bakin babbar motar da ke tahowa. Saboda haka shawara ita ce a ɗauki hayar mota da direbanta, kuma direban ya zama ɗan Gilgit ko Hunza ko wanda ya daɗe yana bin hanyar. Iyali mai mutum biyar Prado ta ishe su, masu bakwai zuwa goma su nemi Hiace. Babban titin Karakoram daga gadar Raikot zuwa Khunjerab kwalta ce mai kyau, ko Corolla tana zuwa. Hanyoyin gefe ne ke buƙatar jif, kuma a can ake ɗaukarsu.

Kafin ka biya kafin alƙalami, a rubuta waɗannan: kuɗin yini, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direba ya biya masa ɗaki, ko akwai iyakar kilomita, da wanda zai ɗauki nauyin ranar da zaftarewar dutse ta tare ku. Wannan na ƙarshen shi ne ke jawo rigima a hanyar dawowa. Kujerar jariri da wuya a samu a wurin masu haya, ku taho da taku.

Ranar karɓar mota ka duba da idonka, ko ka kai ta wurin bakanike:

Fad ɗin birki na gaba da na baya, kada kaurinsu ya gaza rabin sabo. Man birki ya zama DOT 4, kuma in ya haura shekara biyu a juye shi. Tsohon man birki yana shan danshi, idan ya yi zafi ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi, sai ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Taya huɗu da safaya, zanensu aƙalla milimita 4, a duba gefensu ko akwai ƙari. Lagireto a cika shi da ruwan sanyaya inji mai maganin daskarewa, ba ruwan famfo ba. Sai fambel, batir, waifa, hita, jak, sifanar taya, igiyar ja da famfon iska. A leƙa salansa ko tana yoyo.

Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. A Babusar ya yi asarar kusan kashi 40. Idan mota ta yi nauyin ƙafa a can ba lalacewa ta yi ba, a sa giya ta biyu, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a bi a hankali. Mai kuwa a cika tanki a Mansehra, Chilas, Gilgit da Aliabad, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi.

Kaya

Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. A wuni ɗaya za ku tashi daga Naran da suwaita, ku yi rawar sanyi a Babusar, bayan awa biyu ku sauka Chilas inda zafin bazara kan haura digiri 40. Don haka sutura hawa uku: ta ciki mai kama jiki, suwaita, da jaket mai tare iska da ruwa. Kowa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safa mai kauri, da takalmi mai igiya da ƙasa mai kamu. Silifas a bar shi na otal. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, kuma a hanyar dutse a tattare bakinta, don taka leɓen riga a kan gangare faɗuwa ce.

Tabarau mai tare hasken rana dole ne har ga yara, saboda hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido, kuma sai bayan awanni zafin ke tashi. Man kaɗanya ko basilin na leɓe da hanci. Jakar magani: farasitamol, ruwan gishiri da sukari na leda, maganin amai na mota, bandeji, da 'yar na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Akwai maganin acetazolamide da ake sha don jiki ya saba da tsayi, likita ne zai rubuta shi.

A cikin mota kullum a samu ruwa lita 3 na kowane mutum, dabino, biskit, gyaɗa, fulas na ruwan zafi, bargo biyu da tocila, wato abin da zai riƙe ku wuni guda in hanya ta toshe.

Kwana na 1 da na 2: Naran

A bar Islamabad bayan Asuba, a bi babban titin Hazara zuwa Mansehra, daga nan Balakot, a bi gefen kogin Kunhar zuwa Naran. Kimanin kilomita 280, awa shida zuwa bakwai. Naran tana kan mita 2,400. A kwana biyu a nan ko da garin bai burge ku ba (hayaniyarsa ta yi yawa, gaskiya), don jiki ya fara sabawa. Rana ta biyu a ɗauki jif zuwa tafkin Saiful Muluk, mita 3,224, tafiyar kilomita tara a kan hanya mai girgiza. A yi awa biyu a dawo a kwana a ƙasa. Ƙa'idar ke nan har ƙarshen tafiya: a hau da rana, a sauko a kwana. In an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500.

A farkon bazara za ku ga manyan tulin ƙanƙara a bakin titi, an fafe su an jera lemo a ciki ana sayarwa. Ruwa yana cinsu ta ƙasa, kuma sun sha rubzawa kan masu ɗaukar hoto. Kada yaro ya shiga ƙarƙashinsu ko ya hau kai.

Kwana na 3: Babusar, ranar birki

A tashi ƙarfe shida. Daga Naran zuwa ƙololuwa kusan kilomita 70 ne, ta Batakundi da tafkin Lulusar. So ake a ƙetare kafin azahar, domin hadari da hazo da rana tsaka suke haɗuwa, hukuma kuma takan hana bin mashigin da dare. A sama a tsaya minti 20, a sha shayi, kada yara su yi guje-guje.

Gangaren shi ne abin tsoro. A cikin kilomita 45 za a sauko kusan mita 3,000. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, kafin rabin hanya fad ya ƙone ko mai ya tafasa. Yadda ake yi: giya ta ɗaya ko ta biyu, a mota mai canza giya da kanta a sa L ko 2, a bar inji ya riƙe motar yana kuka. Birki a taka shi da ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu a saki gaba ɗaya, ba a riƙa shafarsa ba. Ba a sa furi, ba a kashe inji don tsimin mai. Kowane minti 15 a samu fili a tsaya minti 10. Idan aka ji ƙauri, ko feda ta yi laushi, a tsaya nan take, a sa giya, a tokare taya da dutse, kada a ja birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi, a jira rabin awa. Za ku ga ana watsa wa tayoyi ruwan rafi. Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi, gara haƙuri. In direbanka yana gudu a nan, ka yi masa magana, kai ka ɗauke shi.

Daga Chilas zuwa Gilgit kilomita 130 ne a gefen kogin Indus. Bayan gadar Raikot a waiwaya a ga dutsen Nanga Parbat, mita 8,126. Kusa da Jaglot akwai wurin tsayawa inda jerin duwatsun Himalaya da Karakoram da Hindu Kush suka haɗu, kogin Gilgit kuma ya faɗa cikin Indus. Tsakanin Besham da Chilas da Raikot ba a tafiyar dare. Fairy Meadows, wani fili mai ciyawa a gindin Nanga Parbat da ake hawa daga Raikot, hanyar jif ce siririya a bakin rami sannan tafiyar ƙafa ta awa biyu zuwa uku. Da ƙananan yara a bar ta.

Kwana na 4 zuwa na 6: Hunza da Hopar

Gilgit mita 1,500 ce, wurin hutawa da sayen layin waya. Daga nan Karimabad kilomita 100. A Ghulmet a tsaya cin abinci a ƙarƙashin dutsen Rakaposhi, mita 7,788, ana zaune ana kallon ƙanƙara ta zubo daga ƙololuwa har kusa da gonaki. Gaba kaɗan akwai Hassanabad. A ranar 7 ga Mayun 2022, bayan zafi mai tsanani, tafkin da ya taru a bayan kogin ƙanƙara na Shishper ya ɓalle ya karya gadar babban titi a nan. A nuna wa yara wurin, zai sa su fahimci dalilin da ake hana su wasa a cikin busasshen kwari.

A Karimabad wuni ɗaya ya isa ganuwar Baltit, mai kimanin shekara 700, wadda aka kammala gyaranta a 1996, da ta Altit da ta girme ta. Hawan Baltit yana da tsayi, a tafi da tsofaffi sannu. Da yamma a hau Duikar a kalli faɗuwar rana a kan Rakaposhi da Ultar.

Hopar, a gundumar Nagar, nan ne iyali za su fara ganin kogin ƙanƙara kusa da kusa. Tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce daga Karimabad. Titi yana ƙarewa a bakin wani gangare, daga nan ake leƙa kogin ƙanƙara na Bualtar a ƙasa. Wanda ya zo yana tsammanin fari fat zai yi turus: samansa toka-toka ne, tsakuwa da ƙasa sun lulluɓe shi, sai a tsagogi ake hango ƙanƙarar tana ɗaukar ido, shuɗiya-shuɗiya. A yi shiru minti biyu, za a ji ƙara kamar ana karya itace, da duwatsu suna gangarawa cikin ramuka. Tafiya yake yi, a hankali, kuma shi ya sa hanyar da aka bi bara ba ta nan bana.

Dokokin wurin ba su da yawa. Ba a hawa kan ƙanƙara sai da ɗan jagora na ƙauyen. Yaran da ba su kai shekara 12 ba su tsaya a wurin kallo. Bakin gangaren ƙasa ce da ƙanƙara ta tara, ba dutse ba ne, tana zaftarewa, a tsaya taku uku baya. Sauka minti 20 ne, hawowa yakan ninka, a lissafa da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni. A je da safe: da rana ta take, narkewa ke ƙaruwa, duwatsun da ƙanƙara ta riƙe su saki, rafin da aka tsallake da taku ɗaya ƙarfe tara ya kai gwiwa ƙarfe uku. Kada a shiga kogon ƙanƙara ko a tsaya a bakin da ruwa ke fitowa. Ruwan nan mai launin toka garin dutse ne a cikinsa, cikin baƙo ba ya ɗaukarsa, a sha na gora ko dafaffe.

Kwana na 7: Attabad, Borith, Passu

Ranar 4 ga Janairun 2010 dutse ya zaftare a ƙauyen Attabad, ya kashe mutum 20, ya datse kogin Hunza. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 21, ya haɗiye titi da gidaje. Shekara biyar da kwale-kwale ake ƙetarar da mutane da kaya, sai a 2015 aka buɗe hanyoyin da aka huda ta cikin dutse. In za a shiga jirgin ruwa, kowa ya sa rigar ceto a ɗaure ta sosai, a tabbatar akwai daidai jikin yaro. Ruwan sanyinsa na sandarar da hannu cikin mintuna, iya iyo ba ya ceton mutum.

Bayan Gulmit akwai gadar igiya ta Hussaini, katakanta da tazara mai faɗi a tsakani, iska na kaɗa ta. A ɗauki hoto daga bakinta, yara kada su taka. Daga nan a kauce hagu a hau tafkin Borith, a ci gaba har inda hanyar mota ta ƙare, sai tafiyar ƙafa ta minti 30 zuwa 45 zuwa wurin kallon kogin ƙanƙara na Passu. Wannan shi ne farin, mai tsaitsayen hasumiyoyi, kuma in ɗaya kawai za a gani a duk tafiyar, shi ne. Hanyar tana da wurare siriri, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, yaro a ɓangaren dutse. Waɗanda ba za su iya ba suna hango shi daga babban titi kafin shiga Passu. Gaba da ƙauyen kaɗan bakin kogin ƙanƙara na Batura yake, mai tsawon kilomita 57. A kwana a Passu ko Gulmit, da la'asar a zauna a kalli rana tana bugun tsinin duwatsun Tupopdan.

Kwana na 8: Khunjerab

Daga Passu zuwa Sost kusan kilomita 40, daga Sost zuwa iyaka 85. Za a hau sama da mita 2,000 cikin awa uku, shi ya sa aka ajiye shi ƙarshe. Wanda ya tashi da ciwon kai ko mura ya zauna a otal. A ci abinci mara nauyi, a riƙe fasfo da kuɗin shiga gandun Khunjerab, wanda aka kafa a 1975. A hanya ana ganin shanun yak, awakin dutse, da marmot, wata dabba mai kama da ƙaton kurege. A sama rabin awa ya isa.

Ciwon tsayi yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, jiri da kasala. Ƙaramin yaro ba zai faɗa ba, sai dai ya ƙi nono ko abinci, ya yi ta kuka, ko ya yi lamo ba kamar yadda aka san shi ba. Da an ga haka a juya. Alamomi biyu ba a jira da su: haki alhali mutum na zaune, da tari mai kumfa; ko tangaɗi da ruɗewa. A sa shi ya yi tafiya a miƙe, diddige na taɓa yatsa, in ya kasa to ƙwaƙwalwa ta fara kumbura. Magani sauka ne, mita 500 zuwa 1,000, nan take ko da dare ne, sannan asibiti a Aliabad ko Gilgit. Na'urar yatsa za ta nuna lamba ƙasa da wadda aka saba gani a gida, wannan ba abin tashin hankali ba ne shi kaɗai. Wanda lambarsa ta yi ƙasa da ta sauran sosai shi ake sa wa ido.

Salla, abinci da zama da mutane

Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata kudu. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, kuma fulas ɗin ruwan ɗumi yana sauƙaƙa alwala. Mutanen Chilas Ahlus Sunna ne, Nagar 'yan Shi'a, yawancin Hunza Isma'iliyya, Gilgit kuma gauraye. Jama'at Khana wurin ibadar Isma'iliyya ne kaɗai, baƙo ba ya shiga, a tambayi direba masallacin da ya fi kusa. Gardamar aƙida a bar ta a gida. Ba a ɗaukar hoton mata sai da izini, a yankin Chilas ma kada a gwada.

Abinci halal ne ko'ina. A ɗanɗana chapshuro, gurasa mai nama a ciki, da miyar taliya ta dowdo, da busasshen afirikot. Abincin Hunza ba shi da yaji, mai son yaji ya taho da nasa.

Idan hanya ta toshe

Ƙananan duwatsu na gangarowa kan kwalta ko ƙura na tashi daga saman dutse, alama ce. Kada a tsaya kallo a ƙarƙashi, a wuce da sauri ko a ja baya inda sama take a buɗe. Ba a ajiye mota a bakin kwari ko a kan ƙaramar gada. Idan ruwan rafi ya rikiɗe ya zama laka farat ɗaya, ko aka ji rugugi daga sama, a bar motar a hau gefe, ba a bi kwarin a guje ba. Ƙaramar zaftarewa masu gyaran hanya kan share ta cikin awanni, babba tana iya cin kwana biyu. In an ce sai gobe, a koma garin baya da wuri kafin ɗakuna su ƙare.

In dole ta sa kwana a mota cikin sanyi, a kunna inji minti 10 kacal a kowace awa, gilashi a ɗan buɗe, a tabbatar ƙanƙara ko laka ba ta toshe bakin salansa ba. A Janairun 2022 a Murree mutum fiye da 20 suka mutu a cikin motocinsu da dusar ƙanƙara ta rufe, da yawansu hayaƙin inji ne ya kashe su suna barci. Haka ma hitar gas ko kaskon gawayi a ɗakin otal: a kashe ko a fitar kafin a kwanta.

Dawowa kwana uku ce: Passu zuwa Gilgit, Gilgit zuwa Naran, Naran zuwa Islamabad. Kowace safiya a tambayi shingen 'yan sanda halin Babusar kafin a kama hanya, in a rufe yake a bi ta Besham a kwana a can. Akwai jirgin sama daga Gilgit, amma ƙarami ne kuma da hadari ya taso ake soke tashinsa, don haka ba abin dogaro ba ne. Tikitin komawa gida a sa shi kwana biyu bayan ranar da ake sa ran isa Islamabad.